Shin mace ta farko a kujerar Canterbury za ta iya ɗinke ɓarakar Cocin Anglika?

A ranar 3 ga Oktoba, 2025, aka bayyana Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta 106 a Canterbury, mace ta farko da ta hau kujerar. Ta taɓa riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta Ingila, kafin ta zama Bishop ta Landan a 2018. Ta gaji Justin Welby, wanda ya sanar da murabus a Nuwamban 2024, bayan wani rahoto ya bankaɗo sakacin cocin kan cin zarafin yara da matasa.

Sai dai ɓarakar da ta tarar ta daɗe, kuma tushenta ba batun mata ba ne. Rikicin ya tsananta a 2003, lokacin da reshen cocin na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune da namiji a matsayin abokin rayuwa. A 2008 masu ra'ayin riƙau suka kafa ƙungiyar Gafcon a birnin Ƙudus. Cocin Najeriya da na Uganda da na Ruwanda sun ƙaurace wa taron Lambeth na 2022. A Fabrairun 2023 kuma Cocin Ingila ya amince da addu'ar sa albarka ga ma'aurata jinsi ɗaya, matakin da Mullally ta goyi baya.

Kan shugabancin mata, bakin Afirka bai zo ɗaya ba. Cocin Najeriya, ƙarƙashin Henry Ndukuba, ya yi watsi da naɗin nata, yayin da Akbishop Thabo Makgoba na Afirka ta Kudu ya yi maraba da shi. Tun 2012 aka naɗa Ellinah Wamukoya bishop a Siwazilan, kuma Kenya ma tana da bishop mata.

Babban cikas shi ne ƙarancin ikon kujerar. Akbishop na Canterbury ba kamar Fafaroma ba ne, domin kowane ɗaya daga cikin lardunan cocin 42 yana cin gashin kansa. Abin da ke hannunsa shi ne kiran taro da lallashi. A ranar 16 ga Oktoba, 2025, Gafcon, wadda Laurent Mbanda na Ruwanda ke jagoranta, ta ce ta daina amincewa da jagorancin Canterbury.

Saboda haka inda Mullally za ta fi iya kawo sauyi shi ne cikin gida, wato maido da amanar waɗanda aka ci zarafinsu. A waje kuwa, aikinta shi ne riƙe lardunan da har yanzu ke amsa gayyatar Canterbury.