Daga Sule Zuwa Naira: Kin San Asalin Sunayen Kuɗinki?

Wai shin kin taɓa tambayar kanki daga ina muka samo "sisi" da muke cewa ba mu da ko shi?

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki, kuma jam'in wuri shi ne kuɗi, ko kuɗɗi kamar yadda mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum muke faɗa. Da Bature ya kawo nasa, sai bakin Bahaushe ya lanƙwasa sunayen: pound ya zama fam, ko hwam a wajenmu, shilling ya zama sule, sixpence sisi, threepence taro, copper kuwa kwabo.

Ranar 1 ga Janairu 1973 aka daina fam aka koma naira. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule kwabo 10, sisi kwabo 5. Kuɗin sun tafi, amma sunayen sun ƙi barin bakin iyayenmu. Jaka fam 100 ce, wato naira 200. Don haka idan tsoho ya yanka sadaki jaka hamsin, naira 10,000 yake nufi. A Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce. Sadaki haƙƙinki ne, 'yar uwa, ki sa waliyyinki ya tabbatar an faɗi adadi da naira a gaban shaidu.

To, ku 'yan makaranta, ga inda nake ganin ana zubar da maki a jarrabawa. Mu muna cewa "kuɗin nan sun yi yawa", amma a Turanci money ba a ƙirga shi. Much money ake cewa, ba many money ba. Naira ma ba a ƙara mata "s": five naira ne, ko da yake ana cewa five pounds. Sannan mai karɓar rance shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Kada ki rubuta borrow me, lend me ake cewa.

Ki zauna da kakarki yau ta faɗa miki fam nawa aka biya sadakinta, ki ninka biyu ki ga abin mamaki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.