Yadda aka haɗa yara 22 faɗa, aka kuma sasanta su

'Yan uwa, mukan ɗauka sai an bambanta a addini ko ƙabila ake gaba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1954 ya nuna gaba ba ta jiran wannan.

Muzafer Sherif, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Turkiyya, ya kai yara maza 22, 'yan shekara 11 zuwa 12, sansanin hutu na Robbers Cave a jihar Oklahoma. Launinsu ɗaya, addininsu ɗaya. Aka raba su gida biyu, aka sa musu gasar ƙwallo da jan igiya, kyauta ga wanda ya ci kaɗai. Kafin ka ce kwabo an fara zage-zage, an ƙona tuta, ana kai wa juna samame da dare.

Aka zaunar da su cin abinci tare, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya yi magani shi ne matsalar da ta shafi kowa. Masu binciken suka toshe ruwan sansanin a ɓoye, daga baya motar abinci ta "ƙi tashi". Dole kowa ya kama, suka ja ta da igiyar nan da suka yi gasa da ita. Ranar komawa gida yaran suka nemi shiga mota ɗaya.

Sai dai mu lura, manya ne suka hura wutar da gangan. A 1953 Sherif ya gwada haka a jihar New York, yaran suka gano ana ingiza su, suka ƙi faɗa da juna.