Sirdin Keke Na Fata: Jarin Da Ke Bukatar Haƙuri

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hawa babur ya ƙara tsada, abin da ya sa keke ya sake zama abin lissafi ga manoma da ƙananan 'yan kasuwa a garuruwa irin su Shabu, da ke kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga a Jihar Nasarawa. Ga mai saye da mai sayarwa, wani ɓangare na wannan lissafi yana kan sirdi.

Sirdin soso da roba ya fi araha, amma rana da ruwa kan tsattsage shi. Na fata kuwa, wanda ake yi da jemammiyar fatar shanu mai kauri, yakan yi shekaru da dama. Mafi shahara shi ne na kamfanin Brooks, wanda aka kafa a Birmingham ta ƙasar Ingila a 1866. Kamfanin Raleigh, wanda ya taɓa harhaɗa kekuna a Kano, ya saye shi a 1962, kafin ya koma hannun Selle Royal na Italiya a 2002.

Sai dai sabon sirdin fata yana da tauri kamar katako, kuma a nan ne ciniki yakan lalace. Mai saye kan dawo da shi bayan kwana biyu yana ƙorafin ciwo, alhali kuwa sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin fatar ta lotsa daidai da ƙasusuwan mazaunin mahayi.

Wajen ɗaurawa, ana son sirdin ya kwanta daidai, ko hancinsa ya ɗan ɗaga kaɗan, domin kada mahayi ya riƙa zamewa gaba. Tsawonsa kuma ya zama gwiwa na ɗan lanƙwashe lokacin da feda take ƙasa. A makonnin farko, gajerun tafiye-tafiye sun fi.

Ana shafa masa man fata kaɗan kawai, domin yawan mai yana sa fatar ta saki fiye da kima. Haka kuma ba a gaggauta ɗaure notin da ke ƙarƙashin hancin sirdin, saboda fatar da aka miƙar ba ta komawa. A yankin Lafiya, inda damina kan kai watan Oktoba, wajibi ne a rufe shi da leda, kuma in ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa kafin a hau.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ya yi wa mai saye wannan bayani tun a bakin shago ya tsare uwar kuɗinsa da amanarsa. Wanda ya yi shiru kuwa, kayansa ne za su dawo masa.