Yadda Ake Gina Katangar Laka Mai Kama da ta Gaske a Manhajar Blender

Duk mai koyon zanen 3D a arewa yakan ci karo da matsala ɗaya: ya gina zaure a kwamfuta, ya ɗora zankwaye, amma katangar ta fito sumul kamar roba. Idan ya leƙa intanet neman fuskar bango, akasari jan bulon Turai da kankare zai tarar. Katangar tubali irin ta tsofaffin unguwannin Daura da ƙauyukan Mai'adua sai dai ya haɗa da kansa. Tsofaffin gidajen laka kuma kullum rushe su ake yi ana sa bulo da siminti, don haka wanda bai ɗauki hotonsu yanzu ba zai iya rasa abin kwaikwayo.

Blender kyauta ce, an buɗe ta ga kowa tun 2002, kuma ta isa wannan aiki.

Da farko a san abin da ido ke gani

Magini da hannu yake yaɓe, shi ya sa ake ganin shatin yatsu a jere. Akwai guntayen ciyawa a cikin lakar, da ƙananan tsagu inda rana ta busar da ita. Gindin katanga ya fi zaizayewa saboda feshin ruwan damina, ƙasan indararo kuma yakan yi duhu. Inda aka shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, launin ya fi turuwa.

Taswira uku

Kwamfuta tana raba fuskar bango zuwa hotuna daban-daban. Taswirar launi ita ce jan ƙasar kanta. Taswirar kaushi tana faɗa mata yadda haske zai watse. Laka ba ta ƙyalli, don haka a kai ma'aunin wajen 0.9 cikin 1. Taswirar tudu da kwari kuwa hoto ne baƙi da fari: fari ya taso, baƙi ya lotsa.

Ana amfani da ta ukun ta hanya biyu. Bump yana yaudarar haske ne kawai, bangon yana nan a shafe, shi ya sa bai da nauyi. Displacement kuwa yana tura jikin bangon da gaske, amma yana buƙatar dubban ƙananan fuskoki. A bar shi ga abin da kyamara za ta matsa kusa, kamar zanen dagi a saman ƙofar zaure.

Ɗaukar hoto

Wayar hannu ta wadatar. Kada a ɗauka da tsakar rana, domin inuwa za ta manne a hoton, ta saɓa wa hasken da za a saka daga baya. Ranar hadari ko hazon hunturu ta fi. A tsaya daidai saitin bangon, a auna mita ɗaya a yi alama, don kada shatin yatsa ya fito kamar tafin giwa. A nemi izinin mai gida tukuna.

Maganin maimaici

Hoto ɗaya idan aka jera shi a doguwar katanga, ido yakan gano tabo ɗaya yana ta dawowa. Nan Noise Texture ke amfani, dabarar da ta samo asali daga aikin Ken Perlin a farkon shekarun 1980. A gauraya hotuna biyu da ita, sai launin ya riƙa sauyawa babu tsari. Voronoi Texture kuma tana ba da tsagu. A lanƙwasa kusurwoyi ma, domin ginin laka bai da kaifin baki.

Ƙaramar kwamfuta

Hoton 4K guda ɗaya yana cin kusan megabait 64 a ƙwaƙwalwa, na 2K kuwa 16 kacal. Mai tsohuwar laftof ya tsaya a 2K, ya riƙa gwaji da Eevee, ya ajiye Cycles sai aikin ƙarshe, lokacin da wuta ta samu.

Kafin a kammala, a karkato hasken rana ya zo daga gefe kamar na la'asar. Idan shatin yatsun ya fito da inuwarsa, katangar ta yi.