Iyakar da Itatuwa Suka Shata

Tsakanin ƙasar Ruma ta Najeriya da ƙasar Maraɗi ta Nijar babu wani nisa. Dajin Rugu da ya ratsa Batsari da Safana yana miƙewa har cikin Nijar, ga harshe ɗaya, ga auratayya, ga gero iri ɗaya. Amma masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam bayan shekarar 2000 sun ga abin mamaki: a wurare da dama gonakin Nijar sun fi na Najeriya itatuwa, har ana iya gane inda iyaka ta bi, alhali kudu ta fi samun ruwan sama.

Labarin ya faro ne a 1983. Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya kamawa. Rannan ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba da kyau, ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ya samo daga nan ba ta da wuya: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga gatari da bakin akuya.

Wahalar tana wajen mutane. A lokacin, abin alfaharin manomi shi ne gona fes, an yi sassabe an ƙone, ba sabara ba kalgo. Wanda ya bar toho sai a ce rago ne. Waɗanda suka fara gwadawa sun sha dariya, wasu ma aka bi dare aka sare musu. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, ƙauyuka da yawa suka shiga, da rabon ya ƙare kuma akasarinsu suka koma gidan jiya.

'Yan kaɗan da suka daure su ne suka juya lamarin. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci ya ga itacen girki, ga abincin dabbobi da rani, ga gero ya yi kauri a gindin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina. Gani ya kori ji. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, hukuma kuma ta sassauta, manomi ya fara ɗaukar itacen gonarsa a matsayin nasa. Aka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani.

An ƙiyasta itatuwan da suka farfaɗo sun kai miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 Rinaudo ya karɓi kyautar Right Livelihood. A gefen Najeriya, gonakin Wagini da Runka ma ba su rasa irin waɗannan kututture ba. Abin da ya rage shi ne manomin da zai jure dariyar shekarar farko.