Yaran Jarida na Birnin New York: Yajin Aikin 1899 da Wasan da Aka Gina a Kansa

A watan Maris na shekarar 2012, aka buɗe wani wasan kwaikwayo na waƙa da rawa mai suna Newsies a gidan wasa na Nederlander, a unguwar Broadway ta birnin New York, da nufin a yi shi 'yan watanni a naɗe tabarma. Amma jama'a suka yi ta tururuwa, har ya kai watan Agusta na 2014, bayan an nuna shi fiye da sau dubu. Ƙissar da aka gina shi a kanta ta auku da gaske, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin abin da yaran suka samu a tarihi da abin da aka ba su a dandali ba daidai suke ba.

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara, jaridun yamma na wannan birni kusan ba su da wata hanya ta isa hannun mai karatu sai ta hannun yara masu talla, mafi yawansu 'ya'yan baƙi matalauta da suka yi ƙaura daga Ailan da Italiya da gabashin Turai, waɗansu marayu masu kwana a ƙarƙashin matakala, ko a gidan kwana irin na titin Duane wanda wata jam'iyyar taimakon yara ta kafa. Su ba ma'aikatan kamfani ba ne, balle a yi zancen albashi. Yaro yakan sari jarida ɗari a kan senti 50 daga aljihunsa, ya sayar da kowace ɗaya senti guda, abin da ya yi kwantai kuwa hasararsa ce shi kaɗai, alhali jaridar yau, da gari ya waye, ba ta da sauran daraja sai ta ƙunshin kaya. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin dillali, wanda ladansa yake karɓa hasara tana wuyan mai kaya, da ɗan sari wanda ya mallaki hajar da ribarta da hasararta. Masu jaridun nan sun ajiye yara 'yan shekara goma a matsayi na biyu, suka kuma riƙe wa kansu ikon yanka farashin sari da na sayarwa baki ɗaya.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen a 1898, mutane suka ƙagauta da labari, sai kamfanoni suka ɗaga sari zuwa senti 60, yaran ba su yi gardama ba tun da ciniki yana gudu. Bayan yaƙi kasuwa ta kwanta, sauran jaridu suka koma tsohon farashi, in ban da biyu mafi girma, watau World ta Joseph Pulitzer da Journal ta William Randolph Hearst, attajirai biyu da ke gābā da juna a kan komai amma suka yi ittifaƙi a kan wannan. Lissafin a fili yake: sai yaro ya sayar da sittin kafin ya mai da uwar kuɗinsa, in ya sayar da saba'in dare ya yi masa, senti goma ke nan ribar yininsa, daga ciki zai ci abinci, ya biya makwanci, ya kuma tanadi jarin gobe.

A tsakiyar Yuli na 1899 abin ya fashe, daga unguwar Long Island City ya bazu cikin birni. Yaran suka ƙi taɓa jaridun biyu, suna kifar da keken dokin da ke rarraba su, suna yayyaga ɗaurin takardu, duk wanda ya fito talla, yaro ne ko ƙato da kamfani ya ɗauko haya, ya sha duka. Ba za a ce an yi abin cikin ladabi ba. Suka yi ta gangami, suka kuma cika zauren New Irving Hall da dubban yara a daren 24 ga wata. Wanda ya fi shahara cikin shugabanninsu shi ne wani saurayi mai ido ɗaya da ake yi wa laƙabi da Kid Blink, mai fasahar magana, wanda sauran jaridu, don jin daɗin halin da abokan hamayyarsu suka shiga, suka riƙa buga jawabansa da karin harshensa na titi. Bugun World, bisa ga abin da aka ruwaito, ya faɗo daga kwafi 360,000 zuwa 125,000. Ana cikin haka aka tuhumi Kid Blink da karɓar toshiyar baki, ya sauka daga shugabanci cikin zargi. Sannan a farkon Agusta, bayan kimanin mako biyu, aka yi sulhu. Farashi bai sauka ba ko da senti ɗaya. Abin da kamfanonin suka amince da shi shi ne su karɓi duk jaridar da ta yi kwantai su mayar wa yaro kuɗinsa.

Wanda ya dubi wannan sulhu da gaggawa zai ce yaran sun faɗi, tun da ba su sami abin da suka fito nema ba; ni kuwa a ganina sun sami abin da ya fi shi, gama nauyin hasara ya tashi daga wuyan mai ƙaramin ƙarfi ya koma kan wanda ke iya ɗaukarsa, yaro kuma ya sami damar ɗaukar kaya da yawa ba tare da fargabar kwana da yunwa ba. Illa dai nasara irin wannan, ta lissafi da ɗaurin takarda, tana da wuyar rerawa a waƙa.

Kamfanin Disney ya fara gwada ƙissar a fim a 1992, Christian Bale yana matashi ya fito a matsayin jagoran yaran, Robert Duvall kuma Pulitzer. Fim ɗin ya faɗi warwas a sinima, sai daga baya, ta hanyar kaset na bidiyo, ya sami masoya cikin yara 'yan makaranta. Ganin haka aka ba Harvey Fierstein aikin sāke tsara labarin domin dandali, Alan Menken da Jack Feldman suka ƙara waƙoƙi a kan na dā, aka gwada shi a gidan wasa na Paper Mill a jihar New Jersey a 2011, kafin ya shiga Broadway ya ci lambar Tony biyu, ta kiɗa da ta tsara rawa, daga bisani kuma ya isa Landan a 2022.

Lalle rawar ta cancanci yabo. An kafa hasumiyoyin ƙarfe guda uku masu hawa-hawa da ake turawa a kan dandali, su zama bene ko kurkuku ko lungun birni, samari suna hawa suna dirowa, suna alkafura. A wani wuri kowa yakan shimfiɗa fallen jarida ya hau kai, ya tsaga shi biyu da ƙafafunsa, ya ci gaba da juyi yana zamewa a kan gutsattsarin, kuma a nan, ba tare da an furta kalma ba, mai kallo yakan ga yara sun taka hajar ubangidansu. Sai dai waɗannan ƙarfafan samari ƙosassu sun yi nisa da 'yan ƙananan yara ramammu, masu barci a bakin ƙofa da jarida a hammata, waɗanda Lewis Hine ya ɗauki hotunansu shekaru kaɗan bayan yajin.

Inda marubutan suka saki tarihi ƙwarai shi ne wajen warware rikicin. An ƙago jarumi mai suna Jack Kelly, mai zane, mai burin gudu zuwa Santa Fe; an ƙago masa budurwa 'yar jarida wadda daga baya ta bayyana 'yar Pulitzer ce; an tsayar da Pulitzer kansa a ofis yana ƙulla makirci, alhali a wancan lokaci ya kusa makancewa, yawanci yana nesa da birni, manajansa Don Seitz ne ke aika masa da rahoto. Daga ƙarshe sai ga Gwamna Theodore Roosevelt ya shigo ya tsawata wa attajiri, ya sa a rufe wani gidan horon yara na cikin labarin. Roosevelt gwamnan jihar ne a 1899, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya raba gardamar ba. Raguwar ciniki ce ta tanƙwara masu jaridun. Shigo da mai mulki ya yi ceto ya rage wa yaran haƙƙinsu, ko da yake ba a rasa adalci ga Fierstein ba, domin ya bar sharaɗin mayar da kwantai a cikin sulhun wasan, ya kuma sa shi a bakin Jack Kelly, yaron titi, wanda ya fahimtar da attajirin cewa shi ma zai ci ribar hakan.