Labarin da ke kawo kuɗi da labarin da ke kai mace asibiti

A 2007 wasu masana halayyar ɗan Adam uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, suka wallafa sakamakon wani ɗan gwaji da har yau ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke kafa hujja da shi. An biya mutane dala 5 ladan cike wata takarda, sannan aka miƙa musu wasiƙar neman gudunmawa ga Save the Children. Wasu wasiƙarsu cike take da alƙaluma: yara miliyan kaza na fama da yunwa a Malawi, mutum miliyan kaza na buƙatar abinci a Habasha. Wasu kuwa hoton wata yarinya 'yar shekara 7 daga Mali aka nuna musu, mai suna Rokia, tare da ɗan tarihinta. Masu alƙaluma suka ba da kimanin dala 1.14 kowannensu, masu Rokia suka ba da 2.38. Da aka haɗa yarinyar da alƙaluman a wasiƙa guda, sai kyautar ta sauko zuwa 1.43.

Daga baya wasu sun maimaita gwajin ba su ga tazara mai faɗi haka ba, don haka kada a ɗauke shi tamkar yankan wuƙa. Amma masu neman tallafi sun san wannan dabara tun kafin masana su auna ta. Rahoton Michael Buerk na BBC daga Korem a Oktoban 1984 ne ya jawo hankalin Turai ga yunwar Habasha, har aka yi gangamin mawaƙa na Live Aid a Yulin 1985. Daga baya ma, hoton gawar ƙaramin yaro Alan Kurdi a bakin tekun Turkiyya a Satumban 2015 ya motsa zukatan da lissafin matattun yaƙin Siriya bai motsa ba cikin shekara huɗu. Zuciya tana iya ɗaukar mutum ɗaya. Miliyan kuwa lamba ce kawai.

Shi ya sa a yau duk ƙungiyar da ta amsa sunanta take da jami'in yaɗa labarai, kuma duk ma'aikacin da zai fita karkara sai an ce masa ya dawo da “labarin nasara” da hoto. A ganina a nan ruɗun yake. Labari iri biyu ne ake kira da suna ɗaya: wanda ake ba mai kuɗi don ya buɗe aljihu, da wanda ake ba mai matsalar don ya sauya ɗabi'a. Na farko gwarzonsa mai bayarwa ne, talaka kuwa abin tausayi. Idan aka kawo shi gaban mutanen da ake magana a kansu, sau da yawa zagi suke ji.

An ga haka a 2012, lokacin da ƙungiyar Invisible Children ta saki bidiyon Kony 2012 a kan madugun 'yan tawayen LRA, Joseph Kony. Cikin kwana shida an kalle shi sau miliyan 100. Amma da aka haska shi a garin Lira na arewacin Uganda, inda aka ɗanɗana kuɗar yaƙin, taron da jifa ya watse. Mutanen sun zo ganin labarinsu, sai suka tarar da labarin wani Ba'amurke da ɗan yaronsa, alhali Kony ya bar Uganda shekaru kafin nan. Ita ma Comic Relief ta Birtaniya, bayan suka mai yawa, ta sanar a 2020 cewa ta daina tura taurari Afirka don ɗauko hoton wahala.

Labari iri na biyu ya fi wuyar ƙerawa, kuma asalinsa daga gidan talabijin ne na kasuwanci. Miguel Sabido, wani mai shirya wasanni a Televisa ta Meziko, ya lura da abin da wasan Simplemente María ya yi a Peru a 1969: labarin 'yar aiki da ta koyi karatu da ɗinki ta zama wata abu, sai ga 'yan aikin gaske suna tururuwa zuwa azuzuwan yaƙi da jahilci. Sabido ya zauna ya fitar da tsari, yana jingina da nazarin Albert Bandura cewa mutum na koyon hali ta kallon abin da ya sami waninsa. A tsarin nasa akwai mutumin kirki, akwai mugu, sannan akwai na tsakiya mai kai-kawo, wanda ke jin maganar wannan yau, gobe ya bi wancan. Na tsakiyan nan shi ne mai sauraro. Ba a shiryar da shi cikin mako guda. Sai an yi watanni yana tuntuɓe, yana jin tsoron uwar miji, yana ɓoye katin asibiti, kafin ya yanke shawara. A 1975 Sabido ya gwada tsarin da wasan Ven Conmigo a kan karatun manya.

Tanzaniya ce ta ba da damar auna abin da kyau. A 1993 gidan rediyon ƙasar ya fara wasan Twende na Wakati a kan tazarar haihuwa da cutar ƙanjamau, da wani direban babbar mota mai suna Mkwaju, mai budurwa a kowace tasha. Da gangan aka hana tashar yankin Dodoma watsa wasan na shekara biyu, don a sami abin kwatantawa. Masu bincike, ciki har da Everett Rogers, suka ga an fi karɓar hanyoyin tazarar haihuwa a inda ake jin wasan. Kaɗan ne cikin ƙungiyoyi ke da ƙarfin halin yin irin wannan awo. Galibi sai a ƙirga masu saurare da masu bugo waya a rubuta a rahoto, alhali jin daɗin wasa daban, zuwa awon ciki daban.

Wannan tsari ya iso ƙasar Hausa. A 2006 ƙungiyar Population Media Center ta kawo wasan rediyo Gugar Goge a Kano da Kaduna, labarin Kande da aka aurar tana ƙarama, doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari. Hikimar wasan ita ce bai tsaya a kuka ba. Ya nuna cewa lalurar tana gyaruwa da aikin tiyata, kuma akwai inda ake yi, irin su Babbar Ruga a Katsina da asibitin Murtala a Kano. Macen da ta shekara a ƙuryar ɗaki tana zaton asiri aka yi mata, abin da take buƙatar ji ke nan. Ba abin mamaki ba ne ma a ce wasan kwaikwayo ya karɓu a wurin jama'ar da ta tashi da tatsuniya, ta saba da rediyo a gona da shago, ta kuma raini Kannywood da kuɗin aljihunta. Sai dai irin wannan jama'a kunnenta a buɗe yake. Da zarar ɗan wasa ya dakata da rigimar gida ya fara karanto darasin lafiya kamar malamin asibiti, an gane mai biyan kuɗin shirin ne ke magana, sai a murɗa tasha.

Akwai kuma abin da jami'an yaɗa labarai ke mantawa: ba fili fetal suke tararwa ba, akwai labarin da ya riga su zama. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa jita-jitar cewa an zuba maganin hana haihuwa a ciki. Masu rigakafin suna da alƙaluma, amma jama'a suna da labari, kuma ba duka ne ƙage ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Uban da ya san wannan, ya kuma ga asibitin garinsu babu ko maganin zazzaɓi amma ana bin sa har gida da ɗigon kyauta, tambayarsa tana kan hanya.

Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, daga baya kuma Gwamna Ibrahim Shekarau ya bari aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Abin da ya juya al'amarin daga baya shi ne sauya bakin da ke magana: sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, limamai, matan unguwa da ke shiga gida-gida, da waɗanda cutar ta naƙasa, suna bin ma'aikata a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. An kuma fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da raba magunguna a wasu wurare, wato an amsa tambayar uban nan a aikace. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Borno, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.